Karkataccen Wuyan Riga

A durowar hagu ta keken ɗinkin Baba, ƙarƙashin maɓallai da tsofaffin zif da guntun alli, akwai wani hoto da bai kai tafin hannu ba. Da shi Baba ya baro garinsu shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, shi da almakashi guda da rigar jikinsa. A hoton wata mata ce tsaye a bakin ƙofa, ta dafa kafaɗar wata 'yar yarinya mai turo baki. Yarinyar Gwaggo ce, ƙanwar Baba, wadda yanzu take zaune a wata ƙasa da jikokinta, kuma har gobe ba ta daina turo bakin nan ba. Matar kuwa kakata ce, mahaifiyarsu. Sai dai ba ta da fuska. Inda fuskar take ya koɗe ya yi fari fat.

Ni ban taɓa ganin ta ba. A ƙasar nan aka haife ni, a hawa na uku na benen da shagon Baba yake ƙasansa, shekara biyu bayan rasuwarta. Baba bai samu zuwa jana'izarta ba, don lokacin takardunsa ba su cika ba, in ya fita ba shi ba dawowa. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kama sunana, sai dai ya ce "Uwata." Mama in tana jin tsokana ta ce "surukata," in na ɓata mata rai in koma "ke 'yar nan." Kuma tun ban san hagu da dama ba nake jin magana ɗaya, wai ni da kakata kamar an tsaga kara. Baba ya faɗa, Gwaggo ta faɗa a waya, Mama da ko a mafarki ba ta taɓa ganin matar ba ita ma ta ɗauka tana yayatawa. Ni kuma na haɗiye maganar ko taunawa ban yi ba.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Tela ne na gyara: ya rage ƙafar wando, ya sake zif, ya tsuke kwat ɗin wanda ya rame, ya buɗa ta wanda ya ji daɗin duniya. Karkataccen ɗinki ba ya fita daga shagonsa, ko da mai kayan ya rantse bai gani ba. Yana da wata ɗabi'a da ta dame ni tun ina firamare. Duk safiya in na sauko zan wuce makaranta sai ya tare ni a ƙofar shago, ya sa babban yatsa ya goge mini goshi, wai alli ne ya taɓa ni. Ni da ko shagon ban shiga ba, ina zan haɗu da alli? Da na girma sai na koyi gocewa, ina cewa zai ɓata mini kwalliya.

Aikina kuwa yana da wuyar bayani a wajen dangi. Nakan buga hoto babba a kan yadi mai kauri, sannan in bi shi da zare da ƙyalle da gam da duk abin da hannuna ya kai gare shi: tikitin jirgi, tsohon ambulan, maɓallin rigar wani. In maƙwabta suka tambayi Mama me nake yi, sai ta ce, "Hoto take yagawa ta liƙe, mutane su taru suna gyaɗa kai." Ban taɓa samun bayanin da ya fi wannan gaskiya ba.

To, a bara wata mata da muke kira Mai Tabarau, wadda ke kula da zauren baje kolin zane da ke bayan tashar jirgin ƙasa, ta kira mu mu biyar, dukanmu 'ya'yan baƙi da aka haifa a nan. Ta ce kowa ya yi aiki a kan abin da iyayensa suka zo da shi. Wani ya kawo makullin gidan da aka riga aka rushe, wata ta kawo akwatin uwarta. Ni aka ba ni babban bangon da ke kallon ƙofa, kuma tun kafin ta rufe baki na san abin da zan rataye a kai.

Ban tambayi Baba ba. Zan iya cewa so na yi in ba shi mamaki, haka ma na faɗa wa kaina, amma gaskiyar ita ce na san zai ce a'a. Duk ranar Talata da hantsi yakan tafi sayen zare ya bar mini shago. Wata Talatar, yana karya kwana na ja durowar, na zare hoton, na tsallaka titi wajen mai buga hotuna ya kwafe mini shi a kwamfuta. Cikin minti ashirin na mayar da shi, na jera maɓallan nan a kai yadda na same su, kamar ƙwararren ɓarawo.

Da aka buga shi da tsayin mutum na kafa shi a ɗakin aikina, sai farin gurbin nan ya hana ni sakat. A ɗan ƙaramin hoto bai fi ƙwayar wake ba, yanzu ya kai faranti. Na ce ruwa ne ya taɓa shi a hanya, ko rana ta cinye shi. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da kan zo wa mai karambani: ba an ce kamar an tsaga kara ba? Ai fuskar tana nan, ni nake yawo da ita. Na ɗaura ɗankwali irin nata, na karkatar da kai daidai da yadda wuyanta ya nuna, na ɗauki kaina hoto ya fi sau talatin. Na zaɓi ɗaya, na buga, na jiƙa shi da ruwan shayi don ya tsufa, na yanke, na liƙa, na bi gefensa da siririn zare har ba a gane inda aka haɗa. Sati biyu na yi a kai. Da Mai Tabarau ta gani sai da ta cire tabarau ɗin ta goge ido. Ni kuwa kaina ya yi girman da da ƙyar yake shiga ƙofa.

Saura kwana tara a buɗe zaure na kawo Baba ya gani. Ranar Lahadi ce da la'asar, ya biyo ni da tef ɗin awo a wuya, don ko biki za shi sai Mama ta cire masa. Na tsayar da shi a tsakiyar ɗaki, na yaye zanen da na rufe aikin da shi, na koma gefe ina jiran yabo.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wa ya ba ki?"

"Aro na yi, Baba. Na mayar tun tuni, ko ƙwarzane bai yi ba."

Bai kalle ni ba. Ya nuna fuskar da haɓa. "Wannan fa wace ce?"

"Kaka ce mana. Na mayar mata da fuskarta."

"Wannan ke ce," in ji shi.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya juya ya sauka daga bene a hankali yana dafa bango, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Da farko haushi na ji, ba zan ɓoye ba. Sati biyu ina soke yatsuna da allura, ko sannu babu? Na ce tsofaffi dai ba a iya musu. Amma kwana uku ban ji ƙarar keke daga ƙasa ba, kuma a gidanmu ƙarar keken nan ita ce agogo. Ranar da Baba ya daure ya zauna a gaban keke, sai ya rage wa wani direba ƙafar wando ɗaya sau biyu ya bar ɗayar yadda take. A shekara arba'in ba a taɓa dawo masa da aiki ba sai ranar.

Mama ta same ni a kicin tana yanka albasa. Ba ta ce surukata ba.

"Ke 'yar nan, kin san abin da ya cinye fuskar nan?"

"Ruwa ne ko rana."

"Ruwan gidanku. Yatsansa ne." Ta ajiye wuƙar. "Tun da na aure shi, kullum kafin ya taka keke sai ya fito da hoton nan ya shafa. Ni na ga fuskar da idona farkon zuwana, da ɗan sauran ido da baki. A hankali ya shafe ta tas. Bai damu ba, ya ce tana nan a kansa, in ya rufe ido yana ganin ta."

"To ai tana nan ɗin."

"Da tana nan. Shekaran jiya ya ce mini, in ya rufe ido yanzu ke yake gani tsaye a ƙofar gidansu. Ya yi ya yi ya kawar da ke, kin ƙi gusawa. Ɗan abin da ya rage wa bawan Allah kin bi kin liƙe da gam."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba.

Na kira Gwaggo, ko Allah zai sa akwai wani hoton a wajenta. Ta ce babu, matar ba ta son hoto, wannan ɗin ma sai da aka yi ta lallashi. Na ce to ta faɗa mini tsakani da Allah, ina kama da ita?

Gwaggo ta yi dariya har da tari. "Kama? Ke da wannan hancin na uwarki? Taurin kai dai kika kwaso, wannan kam ba ki rage mata komai ba. Yaya ne ya fara faɗa ranar da aka haife ki, muka ga abin yana sanyaya masa rai, muka bi shi a haka. Au, ke kin ɗauka gaske ne?"

Shekara ashirin da tara ina duba madubi ina gaishe da kakata, ashe hancin Mama nake gaisarwa.

Washegari na ɗauki reza na warware zaren ɗaya bayan ɗaya, na ɓamɓare fuskata daga yadin. Farin gurbin ya dawo, da ɗan tabon gam a gefe. Na kira Mai Tabarau na ce ta ba wani bangon, ni na fasa. Ta ce in yi tunani zuwa jibi. Na naɗe yadin na saɓa a kafaɗa na sauka shago.

Baba yana zaune a gaban keke, hannuwa a cinya, wandon direban nan a gefe. Na ajiye naɗin a kan teburin yanka, na durƙusa.

"Baba, na yi laifi. Na ɗauki abin da ba nawa ba, na kuma taɓa abin da ban sani ba. Na cire. Ga shi nan, ka yi yadda ka ga dama da shi, ko tsumma ka yanka. Ka yafe mini."

"Tashi, Uwata," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba da mugunta kika yi ba."

Ya yafe, na sani, amma yafiya ba ta dawo da abin da ya ɓace. Na tashi na tsaya ina murza yatsu. Shi kuma, ban sani ba ko don ya sama wa hannunsa abin yi ne, ya miƙe ya warware naɗin a kan tebur, ya danne kusurwoyin da almakashi da dutsen guga kamar yadda yake wa kowane yadi.

Tela ko a jana'iza yake sai ya kalli ɗinkin rigar na kusa da shi. Rannan a ɗakina fuskar ce ta tare masa ido, bai ga komai ba sai ita. Yanzu da babu ita, sai idonsa ya sauka a kan rigar. A ƙaramin hoton rigar nan ba ta fi farce ba. A nan kuwa ga ta da girmanta, har ana ganin sawun allura. Na ga ya ɗauko tabarau ya sa. Ya sunkuya. Ya zare tef daga wuya ya aza daga kafaɗar dama zuwa tsakiyar ƙirji, sannan daga ta hagu.

"Inci ɗaya da rabi," ya ce.

"Na'am?"

"Wuyan ya karkace da inci ɗaya da rabi. Dubi nan. Dubi kalmasar ma, kamar hanyar tururuwa." Sai na ji wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. "Ni na ɗinka wannan rigar."

Ya ce yana da shekara goma sha huɗu, watansa biyar a wajen maigidan da ya koya masa ɗinki. Ita ce riga ta farko da ya yanka da hannunsa. Maigidan ya ɗaga ta sama ya nuna wa duk shago, ya ce wannan ko akuya aka sa wa sai ta kai ƙara. Baba ya kawo ta gida a ɓoye zai cusa a ƙarƙashin katifa, uwarsa ta gani ta karɓe. Shekara da shekaru yana shafa hoton nan, bai taɓa lura cewa ranar da mai hoto ya zo, cikin duk kayanta, ita ta zaɓa ta sa ba.

"Miƙo mini jan zare," ya ce. "Ba wannan ba, mai kaurin."

Ya zura allura ba tare da ya nemi taimako ba, ya fara bin wuyan rigar a kan hoton da ɗinkin hannu. Ina kallo in ga ko zai miƙe layin, don na san hannun nan bai iya karkata ba. Bai miƙe ba. Inda yaron da ya ɗinka rigar ya kauce shi ma ya kauce, inda yaron ya yi tsalle ya bar gibi shi ma ya bari. Wata mata ta leƙo da siket a leda, ya ce mata ta dawo gobe ko kai bai ɗaga ba.

Ya kai wajen kafaɗar hagu, inda karkatar ta fi muni, sai allurar ta tsaya.

"Ta cije leɓe," ya ce.

Na matso kusa da shi.

"Da ta sa rigar, kafaɗar nan ta zame. Ta ja ta sama, ta sake zamewa. Sai ta cije leɓen ƙasa don kada ta yi dariya in ji kunya. Tana da wushirya, Uwata. Girarta ta hagu ta fi ta dama tsawo. Akwai ɗan tabo a nan ƙasan haɓa, mai ne ya fallatsar mata." Ya rufe ido, allurar tana tsakanin yatsunsa. "Ga ta nan. Wallahi ga ta nan. Ta ce mini, tela, nawa ne kuɗin ɗinkin?"

Hawaye suna bin gefen tabarau ɗinsa suna ɗiga a kan yadin, bai share ba. Ni kuwa na zauna a kan buhun ƙyallaye na yi kuka irin na yara, da majina da komai. Na gode wa Allah a fili, na sake gode masa, don ni dai na san ba wayona ba ne ya gyara wannan ɓarna. Na gode wa yaron nan mai shekara goma sha huɗu da bai iya awo ba. Da ya iya, da ban san inda zan sa kaina ba.

Mama ta sauko jin kukana, ta same mu a haka. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce, "To, uwa da ɗa an shirya ke nan. Sai a zo a ci abinci, ko shi ma liƙa muku za a yi?"

Da ya ƙulle zaren ya yanke, na ce, "Baba, tunda ka tuna, in ka siffanta mini a hankali zan iya zana ta. Ba fuskata ba, tata."

Ya aza tafin hannu a kan farin gurbin. "A'a. Nan wurina ne, ki bar shi yadda yake." Ya duba ɗinkinsa. "Yaushe ne taron naku?"

"Na ce musu na fasa."

"Wa ya ce ki fasa? Mace ta sa riga don a gani, ke ki naɗe ta ki ajiye? Ki kai ta. Amma ki rubuta a ƙasa cewa telan ya gyaru daga baya, kada a kashe mini kasuwa."

Haka na rubuta, kalma da kalma, kuma na sa sunansa kafin nawa. Ya ƙara ba ni wani abu da ban roƙa ba: guntun shafin cikin rigar da ya shigo ƙasar nan da ita, wanda ya ajiye a wata leda shekara arba'in da ɗaya. Da shi na yi bakin ƙofar da kakata take tsaye. A kwanakin da suka rage tare muka yi aikin a kan teburin yanka, yana kushe riƙon allurata, ina kushe zaɓin launinsa. A cikin kwana biyar ɗin nan na ji labarin garinsu fiye da abin da na ji tun haihuwata. Na san yanzu ƙofar nan shuɗiya ce, kuma Gwaggo ta turo baki ne don an hana ta riƙe kyanwa.

Ranar buɗe zaure na sauko da safe cikin shiri, na yi kwalliyar da ta ci mini kusan awa guda. Keke yana ta ƙara, ana gama wandon direba. Da ya hango ni sai ya tsayar, ya taso ya tare ni a ƙofar shago, ya sa kwat, tef ɗin awo a wuya, Mama tana bayansa tana ƙoƙarin zarewa. Ya ɗaga babban yatsansa, wanda ya yi kanta saboda tura allura, ya nufi goshina.

"Alli ne, Baba?" na ce.

"Alli ne."

Ban goce ba. Na tsaya cak har sai da ya gama, na ma ƙara matsawa kusa. In goshin zai koɗe, ya koɗe.